Dare Ma Yana da Tarihi: Sabon Garin Kano da Kiɗansa

Hausawa suna da maganganu biyu a kan dare. Sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. Ta farko ta ɗauki dare lokacin kwanciya, ta biyu ta ɗauke shi lokacin ɓarna, kuma a tsakaninsu babu gurbin mutumin da ya fito bayan lisha don ya ji kiɗa. Ina ganin shi ya sa tarihin Kano da muka karanta a makaranta kusan dukkansa tarihin rana ne: sarakuna da malamai, fatake da marina, dalar gyaɗa da kasuwar Kurmi. Alhali fiye da shekara 100 ke nan akwai wata unguwa a bayan ganuwa wadda take farkawa idan birni ya kwanta. Mashayu da gidajen rawa na Sabon Gari doka ce ta haife su, kuma wani yanki na tarihin Nijeriya, har da na kiɗan Hausa kansa, a cikinsu ya gudana.

Tushen maganar yana Turai. A 1890 manyan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, wadda ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Ingilishi suka ci Kano a 1903, sai suka riƙe wannan hani a Arewa, domin ya dace da alkawarin da suka yi wa sarakuna na barin addini yadda suka same shi. Amma a 1911 layin dogo ya iso Kano, shi kuwa jirgi ba ya tafiya sai da akawu da makaniki da mai sayar da tikiti. Waɗannan ma'aikata daga Kudu suka zo, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana a yau. Wajajen 1913 aka yanka musu fili nesa da birni, aka ɗora majistare Bature a kansu maimakon alƙalin Sarki. Abin da aka hana a cikin ganuwa sai ya sami mafaka a can. Har gobe sunayen titunan suna faɗin asalin mazaunansu: Abeokuta, Enugu, Aba, Warri, Gold Coast.

Turawa sun so unguwar ta zama katanga tsakanin baƙi da 'yan gari, amma kiɗa bai san katanga ba. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Sabon Gari, samarin birni da na Fagge suka koyi hanya. A 1949 aka fara yin giyar Star a Ikko, jirgin da yake sauka da gyaɗa ya riƙa dawowa da kwalabe da fayafayan garmaho. Ta wannan hanya kiɗan hayilayif na su E.T. Mensah da Bobby Benson da Victor Olaiya ya shigo Arewa, da kakakin Turawa da jita da ganguna. Harshenmu ma ya adana shaidar wannan zamani. Kalmar bariki daga sansanin soja ta samo asali, amma Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta ɗauki duk rayuwar da ake yi nesa da idon iyaye. Idan aka ce wane ɗan bariki ne, an yaba wayewarsa, an kuma soki tarbiyyarsa, duk a numfashi guda.

Wuraren da ake rawa su ne kuma wuraren da ake taro, domin su ke da faɗi da kujeru da fitila. A Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda ta zama muryar talakawan Arewa. A otal ɗin Colonial ne aka shirya S.L. Akintola zai yi taron jam'iyyarsa ranar 16 ga Mayu, 1953, kuma daga ƙofarsa rikicin Kano ya tashi, wanda hukuma ta ce ya ci rai 36. Kashe-kashen 1966 suka kwashe Inyamurai daga unguwar, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, makaɗa suka watse, ɗakunan rawa suka yi tsit. Bayan yaƙi mutane suka dawo, fitilu suka sake kamawa. A shekarun 1970 Bala Miller, ɗan Zariya wanda ya yi aiki da Olaiya, ya kafa ƙungiyarsa a Kaduna, ya nuna cewa ana iya rera Hausa a kan jita da kakaki ta yi armashi.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da muka fi jin nauyin faɗa. Daren bariki ba na baƙi kaɗai ba ne. Malamai sun daɗe suna ƙyamar goge saboda alaƙarsa da bori, fada kuma tana da makaɗanta na tambari da kotso da taushi. Mai goge da mai kukuma ba su da sarki, don haka otal da kulob da gidan magajiya suka zama fadarsu, direbobi da 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu suka zama iyayen gidansu. A irin waɗannan dandali kukuma ta yi tashe a hannun su Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam. Mamman Shata, wanda jami'a ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1999, ya sha kwana yana waƙa a otal-otal na garuruwan Arewa. Muna saka waƙoƙin nan a rediyo, muna nazarinsu a aji, amma ɗakin da aka haife su mun share shi daga labari.

Lokacin da nake haɗa kundin digirina na tarihi na ga ya wajaba in ga wurin da idona. Wani abokin karatuna, haifaffen unguwar, ya yi mini jagora a wani daren Asabar. Mun shiga wurare uku, ni da kwalbar lemo a hannu. Na farko rumfa ce a bakin titi, da kujerun roba da mai gasa kifi da allon kallon ƙwallo. Na biyu babu makaɗi ko ɗaya, sai saurayi guda da kwamfuta da manyan lasifikoki. A na uku ne, can cikin wani tsakar gida, muka tarar da mutum biyar suna kiɗa da hannunsu: jita biyu, ganguna, fiyano da mai rerawa. Suka yi waƙa da Ibo, suka juya Yarbanci, suka sauka a kan Hausa, teburan suka amsa gaba ɗaya. Da suka huta na gaida mai jitar, dattijo mai furfura.

"Baba, sannu da aiki. Tun yaushe kuke wannan sana'a?"

Ya amsa da Hausar da ta fi tawa zaƙi. "Ɗana, tun kafin a haifi mahaifiyarka. A da sai ka zaɓi inda za ka, kowane lungu da makaɗansa. Yanzu mai gida ya gwammace ya biya yaro ɗaya da na'ura a kan ya ciyar da mu biyar."

Na tambaye shi ko an taɓa ɗaukar kiɗansu a faifai. Ya yi dariya, ya ce wa zai ɗauka?

Na'ura ba ita kaɗai ta rage daren ba. A 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a 2003 aka kafa Hukumar Hisbah bisa doka, kuma a Nuwamban 2013 ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. A wannan shekarar dai, a watan Maris bam ya tashi a tashar mota ta New Road, a watan Yuli kuma wasu suka tashi a wuraren shaƙatawa na unguwar, mutane suna zaune a kan tebura. Wanda ya fito jin kiɗa a Sabon Gari bayan wannan, ya fito ne da sanin abin da ya taɓa faruwa a kan irin kujerar da yake zaune.

Ba kiran kowa nake yi zuwa mashaya ba. Addinina ya haramta giya, kuma kowace unguwa ta san gidan da kwalba ta rusa. Sai dai aikin mai tarihi daban yake da na mai wa'azi. Mai wa'azi yana faɗin abin da ya kamata a yi, mai tarihi yana riƙe da amanar abin da aka yi. Turawa sun bar mana takardun lasisi da rahoton 'yan sanda, wato daren kamar yadda mai tsaro ya gan shi. Yadda mai goge ya gan shi, da mai jita, da matar da take dafa farfesu har asuba, yana cikin kawunan tsofaffin da suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, tsararrakinsa kaɗan suka rage.

Jami'o'inmu suna da sassan tarihi da na harsunan Nijeriya, kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundi a kai. Wayar da ke aljihun kowannensu ta isa ɗaukar murya. Abin da ya rage shi ne malami ya yarda cewa hira da tsohon makaɗin otal bincike ne, iyaye kuma su yarda cewa wanda ya je tambaya ba shan giya ya je ba. Idan kunya ta hana mu, nan da shekara 20 za a rubuta tarihin Sabon Gari daga ranakun rikici kaɗai, 1953 da 1966 da 2013, a manta da dubban darare da Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri suka amsa waƙa ɗaya suka koma gida lafiya.