Wuraren shan shayi a yankin Bagauda da matsayin shayi mai ƙwallayen rogo

Yankin Bagauda, wanda ya haɗa ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano, zango ne na matafiya. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa shi, kuma daga wajajen Kwanar Ɗangora da Kafin Maiyaƙi ne wata hanyar ke ɓallewa ta bi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta nufi Saminaka da Jos. A nan ne madatsar ruwa ta Bagauda da ta Tiga suke, waɗanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, haka kuma reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Saboda haka direbobi da fatake da ɗalibai da ma'aikatan da aka turo aiki ba sa yankewa a wurin, kuma abin da akasarinsu ke fara nema idan sun sauka shi ne inda za su zauna su sha shayi.

Teburin mai shayi

Gidan shayi na wannan yanki shi ne teburin mai shayi: rumfa, tebur guda, benci biyu ko uku, da tukunyar ruwa a kan wuta. A kan teburin akan jera gwangwanayen madara da Milo da Bournvita, da burodi da kiret ɗin ƙwai da taliyar Indomie. Ana buɗewa bayan sallar asuba, a tashi da hantsi, a dawo da magariba har dare ya raba. Ciniki ya fi kankama a lokacin hunturu, musamman a ƙasar Doguwa mai tuddai.

Mai saye ne ke faɗin irin haɗin da yake so. Akwai ruwan bunu, wato shayi da sukari ba madara. Akwai mai kauri, wanda aka cika wa madara. Akwai kuma wanda aka dafa da citta da kanumfari da na'a-na'a. Daga nan mai shayi zai ɗaga kofi sama ya yi ta sheƙa shi cikin wani kofin har ya yi kumfa, zafinsa ya ragu. Ganyen da aka fi amfani da shi na ƙunshi ne, irin su Lipton da Top Tea, sai Highland Tea da ake nomawa a Kakara, a kan tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Dabam da wannan akwai shayin Buzaye, koren ganye na ƙasar Sin da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, a sha zagaye uku a ƙananan kofunan gilashi. Shi ba na mai sauri ba ne.

Tebur kuma majalisa ce. A nan baƙo ke jin farashin masara a kasuwa, da halin da hanya ke ciki kafin ya shiga Falgore. Sai dai majalisar ta maza ce kusan zalla. Mace matafiya takan aiki yaro ya karɓo mata, ta sha a cikin mota, wanda hakan gibi ne da shagunan zamani na birane suka fara cikewa.

Shayi mai ƙwallaye

Abin shan da matasan birane ke kira boba ya samo asali ne daga tsibirin Taiwan a shekarun 1980. Shaguna biyu ne ke da'awar ƙirƙiro shi: Chun Shui Tang a birnin Taichung, da Hanlin a birnin Tainan. Shayi ne da madara da sukari da ƙanƙara, a girgiza su har su yi kumfa, sannan a zuba wasu baƙaƙen ƙwallaye masu danƙo a gindin kofi, a zuƙe su da faffaɗan bututu, ana sha ana tauna. Daga Asiya ya bazu zuwa Amurka da Turai, yanzu kuma ana samun sa a wasu shaguna na Legas da Abuja.

Ƙwallayen nan da sitacin rogo ake yin su. Ana kwaɓa sitacin da tafasasshen ruwa da jan sukari, a mulmula ƙanana, a dafa kamar rabin awa, a jiƙa a ruwan sukari. Abin lura shi ne babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya, amma a nan garin kwaki da alabo aka fi yi da shi, yayin da Thailand ta yi fice wajen sayar da sitacinsa ga duniya. Shi kansa shan abu ana tauna ba baƙo ba ne ga Bahaushe: wanda ya saba da kunu mai gaya ko fura mai gudaji ya riga ya san salon.

Dalilin da ya sa boba bai zama abin shan bakin hanya ba a fili yake. Yana buƙatar ƙanƙara mai tsabta, wato wutar lantarki mai ɗorewa. Ƙwallayen kuma ba sa jira: sa'o'i kaɗan bayan dafuwa sukan taurare, ko su saki su zama kamar koko, don haka sai inda masu saye ke zuwa a kai a kai ne sana'ar ke biya. Mai sha'awarsa daga Bebeji ko Tudun Wada sai ya bari har ya shiga babban birni.

Yadda ake gane wuri mai kyau

A teburin mai shayi, ruwa ne abin dubawa na farko. Wanda ke tafasa a kan wuta ba shi da haɗari. Matsalar takan fito daga bokitin wanke kofuna, idan ruwa ɗaya ake tsoma su tun safe. Matafiyin da ya riƙe nasa kofin ya huta da wannan. Na biyu madara: gwangwanin da aka fasa a gaban mai saye ya fi wanda ya yini a buɗe cikin zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu. Teburin da direbobin haya ke cika shi ma alama ce, domin su ne ke bin hanyar kullum, kuma kaya ba sa kwana a irin wannan wuri.

A shagon boba kuwa, ana tambayar lokacin da aka dafa ƙwallayen, da ko ganyen shayi aka dafa ko gari kawai aka dama. Ƙwallo mai kyau laushi gare shi har ciki, da ɗan danƙo. Mai tauri a tsakiya bai nuna ba, ko ya daɗe. Ba a ba ƙananan yara shi, domin yana iya sarƙe su.

Sukari ne ya haɗa wuraren biyu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa na yini, kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12. Babban kofin boba guda kan kusanci wannan adadi, wani lokaci ya haura shi, kuma shayi mai kauri da aka haɗa wa Milo da sukari ba ya nesa da hakan. Shagunan boba kan bari mai saye ya zaɓi rabin sukari ko ƙasa da haka, mai shayi ma zai rage idan an faɗa masa kafin ya zuba. Masu fama da ƙarancin jini, musamman mata masu ciki, ana ba su shawarar su bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi, domin sinadarin da ke cikin ganyen yana rage yadda jiki ke tsotsar ƙarfe daga abinci.