Taskar Waƙoƙin Baƙar Fatar Amurka: Yadda Aka Tara Ta da Yadda Ake Kare Ta

A shekarar 1928 ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington ya buɗe sashen adana waƙoƙin gargajiya. Kaso mai tsoka na abin da masana suka sani a yau game da tsohon kiɗan baƙar fata na jihohin kudancin ƙasar daga nan ya fito, domin kamfanonin faifan garmaho ba sa naɗar waƙa sai wadda za ta sayu. Waƙoƙin fursunoni masu saran itace da na leburorin bakin kogi kuwa ba su da kasuwa.

Aikin ya kankama a 1933, lokacin da John Lomax da ɗansa Alan suka ɗora na'urar naɗar sauti mai nauyin kilo 140 da ɗoriya a bayan mota suka shiga gidajen yari. A ganinsu, waɗanda aka tsare nesa da rediyo su ne suka fi riƙe tsofaffin waƙoƙi. A kurkukun Angola na jihar Louisiana suka gamu da Huddie Ledbetter, wanda duniya ta sani da Lead Belly. A 1938 Alan ya zaunar da Jelly Roll Morton gaban fiyano, yana kiɗa yana ba da labarin tasowar jazz a New Orleans, har aka naɗi fiye da sa'o'i takwas.

Tafiyar 1941 zuwa jihar Mississippi ce ta fi jawo muhawara. A gonar auduga ta Stovall aka naɗi wani direban tarakta mai kaɗa jita, Muddy Waters, wanda ya koma Chicago a 1943 ya zama jigon kiɗan blues. Sai dai aikin na haɗin gwiwa ne da Jami'ar Fisk ta baƙar fata, kuma tare da Alan akwai masanin kiɗa John Wesley Work III. An shafe shekaru ana ba da labarin kamar Lomax kaɗai ya yi tafiyar. Rubutun Work da na abokan aikinsa ya yi ɓatan dabo, ba a buga shi ba sai 2005. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka: sunan John Lomax na jere da na Lead Belly a matsayin mawallafin "Goodnight, Irene", alhali naɗar waƙar ya yi. Ba a musun cewa ba don su Lomax ba da muryoyi da dama sun shuɗe, amma wannan bai wanke su daga zargin danne wasu ba.

Irin waɗannan faifai ne suka bai wa masu bincike damar bin diddigin blues zuwa Afirka ta Yamma. A littafinsa na 1999, masani ɗan ƙasar Ostiriya Gerhard Kubik ya danganta salon da yankin da ke kudu da Sahara, inda mawaƙi ɗaya ke jan murya yana lanƙwasa ta tare da kayan kiɗa mai tsirkiya. Cikin misalansa har da kiɗan goge na Hausawa.

Adana faifan ma wani aiki ne. Yawancinsu faranti ne da aka shafe da wani sinadari mai tsagewa da ɓamɓarewa idan ya tsufa, kuma a lokacin yaƙi an koma yin su da gilashi saboda ana buƙatar alminiyom wajen ƙera jiragen sama. A yau ana ajiye su a wata cibiya da ke Culpeper a jihar Virginia, cikin ɗakunan da ake daidaita sanyi da danshinsu. Faifan da ya karye kuwa, akwai fasahar IRENE da ke ɗaukar hoton layukansa ta mayar da shi sauti ba tare da allura ta taɓa shi ba.

Abin da ke hannun kamfanoni bai samu wannan kariya ba. A ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya a harabar Universal da ke California. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa an yi asarar ainihin naɗin waƙoƙi kimanin 500,000, ciki har da na kamfanin Chess da Muddy Waters ya yi suna a ƙarƙashinsa. Kamfanin Universal ya ce an zuzuta girman asarar.