Gishirin Haraji: Yadda Tsohon Rangwame Ya Raba Kan Jihohin Amurka

A makon ƙarshe na Disambar 2017, ana tsakiyar hutun Kirsimeti, ofisoshin karɓar haraji na ƙananan hukumomi a Niyok da New Jersey da kewayen Washinton sun cika maƙil. Mutane sun yi layi cikin sanyi, suna roƙon a karɓi harajin gidajensu na shekarar da ba ta ma kama ba. Abin da ya fito da su shi ne dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 22 ga watan, wadda ta ce daga farkon 2018, abin da mutum zai cire daga lissafin harajin tarayya saboda harajin da ya biya jiharsa da ƙaramar hukumarsa ba zai wuce dala 10,000 ba. Kafin nan ba a taɓa yanke wani adadi ba. Kowa na so ya biya kafin shekara ta fita, ko ya mori tsohuwar doka karo na ƙarshe.

Sai an san yadda Ba'amurke ke biyan haraji kafin a gane dalilin wannan layi. A Najeriya, harajin albashin ma'aikaci yawanci jihar da yake zaune ce ke karɓa, tarayya ba ta sake zagayowa ta yanki nata. A Amurka kuwa albashi ɗaya hannu biyu ke shiga cikinsa, wani wurin ma uku: tarayya ta yanka, yawancin jihohi su yanka, birni irin Niyok shi ma ya yanka. Ga kuma harajin gida da fili, wanda da shi ake riƙe kaso mai tsoka na makarantun gwamnati da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Don kada a aza wa mutum haraji a kan kuɗin da ya riga ya bar hannunsa, sai doka ta ba shi dama ya fara ɗebe abin da ya biya jiha da ƙaramar hukuma, sannan tarayya ta yi lissafinta a kan ragowar. Mai samun dala 200,000 a shekara da ya biya jiharsa 20,000, a kan 180,000 za a yi masa lissafi. Amurkawa sun harhaɗa haruffan farko na sunan wannan rangwame suna kiransa SALT, wanda a Turanci ya yi daidai da kalmar gishiri.

Rangwamen nan da harajin kuɗin shiga tagwaye ne, tare aka haife su. Har zuwa lokacin yaƙin basasar Amurka, gwamnatin tarayya da kuɗin fito na kayan da ake shigowa da su ta fi dogara, jihohi kuma da harajin kadara. Da yaƙi ya matsa, gwamnatin Abraham Lincoln ta koma kan kuɗin shigar jama'a, kuma dokar 1862 ta yarda a fara cire harajin jiha da na ƙaramar hukuma kafin a yi lissafi. Manufar a fili take. Tarayya ce baƙuwa a wannan rijiya, jihohi ne suka daɗe suna sha daga cikinta, saboda haka aka bar musu guga na farko. Harajin ya ƙare a 1872. An sake gwadawa a 1894, Kotun Ƙoli ta rushe shi a 1895. Sai da aka yi wa tsarin mulki gyara na 16 a 1913 sannan ya zauna daram, kuma dokar wannan shekara ta dawo da rangwamen cikakke.

A lokacin babu wanda ya damu da shi. Wanda samunsa bai kai dala 3,000 ba ba ya biyan komai, mai aure kuma sai ya haura 4,000, kuma harajin daga kashi 1 cikin ɗari ya fara ya tsaya a kashi 7. Yaƙin duniya na biyu ne ya sauya komai. Haraji ya sauko kan ma'aikata miliyoyi, matakin sama kuma ya kai kashi 94 cikin ɗari a 1944. A irin wannan hali rangwamen ya zama dole, domin in ba shi, attajiri a jiha mai haraji zai iya biyan fiye da dala ɗaya a kan kowace dalar da ya ƙara samu.

A wannan shekarar ta 1944 aka dasa abin da ya zama tushen rigimar yau, ko da yake da kyakkyawar niyya aka yi. Don a sauƙaƙa wa talaka cike takardu, majalisa ta ƙirƙiro rangwamen bai-ɗaya: wani adadi da kowa zai iya cirewa ba tare da kawo rasidi ba. Wanda ya ga abin da ya kashe a kan harajin jiha da ruwan bashin gida da sadaka ya fi wannan adadi, shi ne zai zauna ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan masu biyan haraji suka kasu biyu. Mafi yawansu suna ɗaukar na bai-ɗaya, rangwamen harajin jiha bai shafe su ba ko kaɗan. Masu lissafawa kuwa galibi masu gidan kansu ne, masu albashi mai kauri. A tsakaninsu ma ba daidai ake ci ba: wanda ke kan matakin kashi 37 cikin ɗari, kowace dala da ya cire tana rage masa santi 37, wanda ke kan kashi 12 kuma santi 12. Abin da aka kafa don kare hurumin jihohi sai ya rikiɗe ya zama moriyar da ta fi kwarara zuwa sama.

Daga nan aka fara datse shi kaɗan-kaɗan. Dokar 1964 ta taƙaita irin harajin da za a iya cirewa, a 1978 aka fitar da harajin man fetur daga jerin.

Babban karo na farko ya zo a zamanin Ronald Reagan. Ma'aikatar baitulmali ta ba da shawarar soke rangwamen gaba ɗaya a ƙarshen 1984, Reagan kuma ya sa shi cikin shirin da ya kai majalisa a Mayun 1985. Hujjarsa ita ce mazauna jihohin da ba su tsawwala haraji suna tallafa wa jihohin da suka zaɓi kashe kuɗi da yawa. Gwamnan Niyok Mario Cuomo ya tashi tsaye, Sanata Daniel Patrick Moynihan ya mara masa baya. Moynihan ya shafe shekaru yana fitar da lissafin da ke nuna cewa Niyok tana aika wa Washinton fiye da abin da ke dawo mata, don haka a ganinsa ba a kamata a kira jiharsa mai cin tallafi ba. Dan Rostenkowski, shugaban kwamitin haraji na majalisar wakilai, ya ga ba zai sami ƙuri'un da yake bukata ba in bai saki wannan batu ba, sai ya saki. Dokar da Reagan ya sa wa hannu a Oktoban 1986 ta sauko da matakin sama daga kashi 50 zuwa 28, ta bar rangwamen harajin kuɗin shiga da na kadara, ta soke na harajin sayen kaya kawai. Jihohin da suka ji jiki su ne irin su Texas da Florida, waɗanda ba su karɓar harajin albashi, kuma a 2004 aka ba mutane zaɓi su cire ko dai harajin albashi ko na sayen kaya. Kwamitin da George W. Bush ya naɗa a 2005 ya sake cewa a soke, ba a yi ba.

Abin da ya gagari Reagan, Trump da 'yan Rifablikan sun yi rabinsa a 2017, kuma lissafin kuɗi ne ya kai su can. Suna so su sauko da harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, alhali ƙa'idar da suka bi don kauce wa cikas a majalisar dattawa ta ɗaure su kada giɓin ya wuce dala tiriliyan 1.5 cikin shekara goma. Dole a nemo inda za a cike. Da farko sokewa suka so yi, daga baya aka daidaita a kan dala 10,000. Adadin ɗaya ne ga gwauro da ga mata da miji masu cike takarda tare, kuma ba a ɗaura shi da hauhawar farashi ba. A lokaci guda aka kusan ninka rangwamen bai-ɗaya, na ma'aurata daga dala 12,700 zuwa 24,000, abin da ya sa masu lissafawa suka ragu daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa wajen kashi 10. Kowa ya san inda dutsen zai faɗa: Niyok, New Jersey, Connecticut, Kalifoniya, jihohin da ke zaɓen Dimokurat. 'Yan Rifablikan 12 ne suka ƙi dokar a majalisar wakilai, 11 daga cikinsu daga Niyok da New Jersey da Kalifoniya suka fito. Gwamnan Niyok na lokacin, Andrew Cuomo, ɗan wancan Mario, ya kira abin yaƙin basasa na tattalin arziki.

Niyok da New Jersey da Connecticut da Maryland suka garzaya kotu a Yulin 2018, suna cewa an taka hurumin jihohi. Alƙali ya kori ƙarar a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2021, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraro a Afrilun 2022. An tabbatar ke nan cewa rangwamen kyautar majalisa ce, ba haƙƙin da tsarin mulki ya tsare ba.

Ta ƙofar baya kuwa labarin ya bambanta, kuma a nan ne ni nake ganin ainihin rashin adalcin. Wasu jihohi sun fara gwada mayar da haraji ya zama sadaka ga asusun gwamnati, tun da ba a ƙayyade rangwamen sadaka haka ba; hukumar harajin tarayya ta toshe wannan hanya a 2019. Amma Connecticut ta ɓullo da wata dabara tun 2018. Iyakar dala 10,000 mutum ta ɗaure, ba ta ɗaure kasuwanci ba. To sai jiha ta ce kamfanin haɗin gwiwa, irin wanda ribarsa ke wucewa kai tsaye zuwa ga masu shi, ya biya harajin jiha da sunansa, ya cire shi duka a matsayin kuɗin gudanarwa, sannan jiha ta rage wa masu kamfanin a nasu lissafin. A Nuwamban 2020 hukumar harajin tarayya ta amince, jihohi fiye da 30 suka bi sahu, na Dimokurat da na Rifablikan. Sakamakon shi ne babban lauya ko likita mai hannun jari a kamfaninsa ya tsallake iyakar, ma'aikacin jinya da matarsa malamar makaranta masu gida a Long Island da ke jihar Niyok, waɗanda albashi kaɗai suke da shi, su suka tsaya a bayan shinge. Dokar da ta bambanta mutum biyu masu samu iri ɗaya saboda ɗaya yana da akanta mai wayo ba ta cika sunan gyara ba.

Wannan bai sa masu neman a ɗage iyakar gaba ɗaya sun yi gaskiya ba. Cibiyar nazarin haraji ta Tax Policy Center ta lissafa cewa in aka ɗage, fiye da rabin moriyar za ta tafi ga kashi 1 cikin ɗari na masu samu mafi yawa. Shi ya sa batun ya zame wa 'yan Dimokurat ƙashin kifi a wuya. Jam'iyyar da ke kiran a ƙara wa attajirai haraji ta tsinci kanta tana fafutukar rage musu. A 2021 Tom Suozzi na Niyok da Josh Gottheimer na New Jersey suka ce ba za su goyi bayan babban shirin Shugaba Joe Biden ba sai an taɓa iyakar. Majalisar wakilai ta ɗaga ta zuwa dala 80,000, Sanata Bernie Sanders ya soki hakan a bainar jama'a, shirin kuma ya mutu a majalisar dattawa. Duk da haka hujjar Moynihan tana nan da ƙarfinta, domin jihar da ke ɗaukar nauyin makarantunta da asibitocinta daga aljihun mutanenta tana rage wa tarayya kaya, kuma idan masu kuɗi suka tattara suka koma Florida, ba su ne za su ji raɗaɗin giɓin ba.

Da wa'adin ƙarewar iyakar da dokar 2017 ta sa ya gabato, sai kujerun suka juya. Trump da kansa ya yi alkawarin maido da rangwamen a yaƙin neman zaɓen 2024. Rinjayen Rifablikan a majalisar wakilai siriri ne ƙwarai, don haka 'yan tsiraru irin su Mike Lawler da Nick LaLota na Niyok da Young Kim ta Kalifoniya suka riƙe wuyan sabuwar dokar. Ta wuce a watan Mayun 2025 da ƙuri'a 215 da 214. Wadda aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli ta ɗaga iyakar zuwa dala 40,000, tana ƙaruwa da kashi 1 cikin ɗari duk shekara har 2029. A lissafin shekarar 2025, wanda samunsa ya haura dala 500,000 an rage masa, wanda ya kai 600,000 kuma ya dawo kan 10,000. An yi yunƙurin ƙuntata dabarar kamfanonin haɗin gwiwa, amma aka cire shi kafin dokar ta fita, ƙofar bayan tana nan a buɗe. A 2030 kuma, in majalisa ba ta sake komai ba, mai albashi zai koma kan dala 10,000 ɗin da aka yanka masa a 2017.