Tarihin mota mai rufin cirewa: abin da ya kamata ka sani kafin ka kai motarka a yanke

Yau wayar za ta ɗan huta, maganar mota za mu yi.

In kana bin hanyar Zariya zuwa Kano lokacin kakar rake, daga wajen Tashar Yari zuwa cikin Makarfi ko Hunkuyi, ka san yadda ake danƙara wa mota kaya. Haka nan Ikara lokacin tumatir. Shi ya sa wani kan yi tunanin ya kai tsohuwar motarsa wajen mai walda a yanke samanta, a yi mata rufin da za a riƙa cirewa ana mayarwa. Wani kuma gayu ne kawai, ya gani a bidiyo ya yi sha'awa. Kafin ka yi, ka ji yadda masu ƙera motar da kansu suka sha fama da wannan aiki.

Motocin farko a buɗe suke kamar keken doki. Akwai shasi mai kauri a ƙasa, a kansa ake ɗora bodi, rufi kuwa inuwa ce kawai. Daga baya tsarin ya sauya. Lancia Lambda ta Italiya a 1922 da Citroën Traction Avant ta Faransa a 1934 suna cikin na farko da aka haɗe bodi da shasi suka zama abu guda. Yawancin ƙananan motocin da muke hawa yau, irin su Golf da Corolla, haka suke. Ma'ana rufin yana cikin abin da ke riƙe da motar.

Gwada da kanka. Ka samu kwalin taliya a rufe ka murɗa shi, za ka ji ya ƙi. Yanke samansa ka sake murɗawa. Abin da ke samun mota ke nan a hanya mai ramuka.

To ya kamfanoni suka yi? A 1965 Porsche na Jamus ya nuna 911 Targa. Lokacin ana fargabar Amurka za ta hana sayar da motoci marasa rufi saboda hatsarin kifewa. Sai suka bar wani faffaɗan ƙarfe ya zagayo ta bayan kan direba, tsakiyar rufin kaɗai ake cirewa. A Amurka kuma wani mai zanen motoci, Gordon Buehrig, ya yi rajistar wata dabara tun 1951: a bar sandar ƙarfe a tsakiya daga gilashin gaba zuwa baya, a riƙa cire faifai biyu, na direba da na fasinja. Shi ake kira T-top, don in ka duba ta sama siffar harafin T gare shi. Chevrolet Corvette ta fito da shi a 1968. Ka lura, dukkansu babu wanda ya cire rufi gaba ɗaya ya bar wurin haka nan.

Wanda ya fi kama da abin da kake shirin yi shi ne na 1976. Kamfanin Pontiac ya riƙa tura motocinsa Trans Am da aka gama ƙerawa zuwa kamfanin Hurst, a can ake yanka rufin a saka faifan gilashi. Masu saye suka yi ta kukan yoyo. A 1978 General Motors ya mayar da aikin hannun sashensa na Fisher Body. Ƙwararru ne fa da injina, amma ruwan sama ya ba su kunya. Bayan 2002, da aka daina ƙera Firebird da Camaro ta wancan zamani, salon T-top ya kusa ɓacewa.

Mu a nan Arewa tuni muke da tamu amsar. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 404 da 504 akori-kura sun daɗe suna yi wa manomanmu jigila. Akori-kura tun daga kamfani aka gina bayanta don kaya, da sifirin irin na manyan motoci. Kan direba a rufe yake da ƙarfe. A baya sai a kafa sanduna a ja tamfol, in za a loda rake a yaye. Wannan shi ne rufin cirewa na gaskiya, kuma bai taɓa ƙarfin motar ba.

In duk da haka sai ka yanke, ga abin da za ka riƙe. Kar a taɓa ginshiƙan gilashin gaba da na tsakiya, domin su ke tare rufi in mota ta kife, kuma a na tsakiyan ake ɗaure bel. A ƙarfafa ƙasan motar da gefen ƙofofi kafin a sa injin yanka, ba bayan an yanka ba. Ka tambaya ko akwai wayoyin wuta ko jakar iska ta kariya a gefen rufin, motocin zamani da yawa suna da su. Ka tambayi mai aikin ta ina ruwa zai bi ya fita, don roba kaɗai ba ta tare ruwan Agusta.

Wanda kuma ya riga ya yanke, ya ɗaga ƙafa ɗaya da jak ya buɗe ƙofofi ya rufe. In ƙofa ta fara cijewa, ko gilashin gaba ya tsage ba tare da dutse ya same shi ba, bodin ya fara murɗewa. Wannan motar kar a ɗauki mutane a cikinta sai an gyara.

In kaya ne matsalarka, ka tara kuɗin walda ka nemi akori-kura ko da tsohuwa ce. In iska kake so, akwai motocin da suka zo da tagar sama tun daga kamfani.

Ka tura wa duk wanda ka san yana da wannan niyya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba manomanmu kasuwa mai albarka.