Silin gashi, tafin mutum da tafin ɓera

A tsakiyar shekarun 1890, wani masanin aikin jikin ɗan Adam a Jamus mai suna Max von Frey ya manna silin gashi a kan ɗan tsinke, ya shiga dangwala fatar mutane da shi. Hikimar tana cikin lanƙwasawa: idan aka danna gashi a fata, yana kaiwa wani matsayi sai ya tanƙware, kuma daga nan nauyinsa ba ya ƙaruwa komai ƙarfin hannun mai dannawa. Da gashi iri-iri, na mutum da na doki, masu kauri da sirara, ya sami ma'aunin abin da a da sai dai a tambayi majiyyaci a yarda da bakinsa.

Von Frey ba ciwon suga yake bincike ba. Haka ma Josephine Semmes da Sidney Weinstein, waɗanda suka maye gurbin gashin da zaren nailan suka wallafa aikinsu a 1960. Su sojojin da suka ji rauni a ƙwaƙwalwa suke aunawa. Ta hanyar kuturta zaren ya iso ƙafar mai suga. A asibitin kutare na Carville da ke jihar Luwiziyana a Amurka, inda likita Paul Brand ya koma bayan shekarunsa a Indiya, an fahimci cewa rashin jin zafi ne ke cinye ƙafa: mutum ya taka ƙusa, ko takalmi ya goge shi, bai sani ba har miki ya zama gyambo. A shekarun 1980 masu bincike a can suka nuna cewa wanda ba ya jin zare mai nauyin giram 10 yana cikin haɗarin gyambo. Wannan zaren ne likita ke dangwala wa tafin mai suga yau, ya ce masa ya rufe ido ya faɗi inda ya ji.

Ɓera kuwa ba ya faɗi. Tun 1963, da aka gano cewa sinadarin streptozotocin yana kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, ɓera ya zama majiyyacin ɗakin gwaje-gwaje. Ana ɗora shi a kan raga, a soko zaren ta ƙasa, a lura da nauyin da zai sa ya janye ƙafa; ko a haska masa zafi a tafi, kamar yadda Hargreaves ya tsara a 1988, a ƙirga daƙiƙoƙi. Kayan aikin kusan ɗaya ne, amma tambayar ta sauya. Wajen mutum ana neman jin da ya ɓace, wajen ɓera ana auna zabura, kuma sau da yawa ɓera mai suga ya fi lafiyayye saurin janyewa. Raɗaɗin dare da zugin da majiyyata ke kuka da shi babu ragar da ke kama shi.

Akwai kuma batun tsawo da lokaci. Jijiyar da ke sauka zuwa babban ɗan yatsan ƙafar mutum takan kai mita guda, kuma daga can ƙarshe take fara mutuwa, a hankali, cikin shekaru. Ta ɓera 'yar gajera ce, gwajin kuma makonni ne ko watanni. Abin da aka fi gani a jikinsa shi ne raguwar gudun saƙo a jijiya, wanda magani kan iya gyarawa da wuri.

A ganina nan ne aka yi tuntuɓe mafi tsada. Magungunan da ke hana suga rikiɗewa zuwa sorbitol a cikin jijiya sun gyara gudun saƙo a ɓeraye sarai, amma da aka kai su ga mutane a shekarun 1980 da 1990 amfanin bai taka kara ya karya ba. Sorbinil ya tsaya a matakin gwaji, tolrestat kuma aka janye shi saboda illa ga hanta. Daga baya masu bincike suka koma yanko ɗan ƙaramin yanki na fata suna ƙirga ƙananan jijiyoyin da suka rage a ciki, awon da ake iya yi wa mutum da ɓera iri ɗaya, ba tare da an jira amsar kowa ba.