Busasshen jinin jarirai da binciken alamomin da ke kan DNA

A ƙasashe da dama, kwana biyu ko uku bayan haihuwa, ma'aikaciyar jinya kan soki diddigen jariri, ta ɗiga jininsa a kan wata takarda mai tsotse ruwa, a bar shi ya bushe. Wani likita ɗan Amurka, Robert Guthrie, shi ya ɓullo da wannan dabara a farkon shekarun 1960 domin gano cutar PKU, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yaro idan ba a sauya masa abinci da wuri ba. Ba a amfani da jinin duka a gwaji. Ragowar da aka adana ce ta zama taska ga masu bincike: Suwidin tana ajiye irin waɗannan takardu tun 1975, Denmark kuwa tun 1982.

Abin da ake nema a cikinsu yanzu shi ne alamar metil. Metil ɗan ƙaramin sinadari ne da ke manne wa ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA, wato C, galibi inda G ke biye da shi. Irin waɗannan gurabe sun kai kimanin miliyan 28 a DNA na ɗan Adam. Alamar ba ta sauya rubutun gado, sai dai tana da hannu wajen tantance ƙwayar gadon da za ta yi aiki da wadda za ta yi shiru. Shekaru, abinci da hayaƙin taba duk suna taɓa ta. An tabbatar, alal misali, cewa shan sigari lokacin goyon ciki yana barin sawu a ƙwayar gadon AHRR ta jariri.

Don karanta alamar, ana huda ɗan da'ira mai faɗin kusan milimita 3 daga takardar, a tatso DNA, a jiƙa shi da sinadarin bisalfait. Sinadarin yana sauya duk C da ba ta ɗauke da metil, ya bar mai ɗauke da shi yadda take, sannan na'ura ta auna gurabe dubu 450 ko dubu 850 a tashi guda.

Babban amfanin tsohon jini shi ne lokacin da aka ɗauke shi. Idan aka auna jinin mai ciwo aka ga bambanci, ba za a iya cewa bambancin ne ya jawo ciwon ba, domin mai yiwuwa ciwon ne, ko maganin da yake sha, ya haifar da shi. Takardar jariri kuwa ta riga cutar zuwa. A 2018 masu bincike sun wallafa sakamakon auna jinin jarirai 1,263 na Denmark, kusan rabinsu waɗanda daga baya aka gano suna da lalurar otizim. Ba su sami wata alamar metil da ta raba rukunin biyu kai tsaye ba, kuma wannan ma amsa ce mai daraja.

Aikin yana da cikas. DNA ɗin kaɗan ne, zafi da laima suna gutsuttsura shi, bisalfait ya ƙara lalata shi. Jini kuma gauraye ne na ƙwayoyi iri-iri, kowanne da tsarin alamarsa, sannan abin da jini ya nuna ba lallai ya zama shi ke faruwa a ƙwaƙwalwa ko hanta ba.

Mafi nauyi ita ce maganar izini. Iyaye da yawa ba su san ana ajiye jinin 'ya'yansu ba. A Jihar Texas, ƙarar da wasu iyaye suka shigar a 2009 ta kai ga lalata takardu fiye da miliyan 5. A Suwidin, 'yan sanda sun karɓi samfuri daga ma'ajiyar a 2003 lokacin binciken kisan Ministar Harkokin Waje, Anna Lindh, lamarin da ya tayar da muhawara. A Nijeriya an daɗe ana aika busasshen jinin jarirai zuwa ɗakunan gwaji domin gano ƙwayar HIV, don haka tambayar wa ke da iko da ragowar takardar, kuma har zuwa yaushe, ta shafi iyaye a nan ma.