Gidan Wasan Da Ya Shekara Arba'in A Rufe

A gabashin Ingila, cikin lardin Suffolk, akwai wani gari mai suna Bury St Edmunds. A can ne aka buɗe gidan wasan kwaikwayo na Theatre Royal a shekarar 1819. Wanda ya tsara ginin, William Wilkins, shi ne daga baya ya tsara babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa da ke Landan. Iyalinsa ke riƙe da wata ƙungiyar ƴan wasa mai zagaya garuruwan yankin, irin su Norwich da Ipswich, tana sauka a kowane gari idan lokacinsa ya zo.

Ginin ƙarami ne, ƴan kallo na kewaye da dandamali kamar kofaton doki, kusa da ƴan wasa har suna jin numfashinsu. An yi wa rufin fenti kamar sararin samaniya. A nan aka fara nuna wasan barkwancin nan "Charley's Aunt" a 1892, kafin ya shahara a Landan.

Da silima ta zo, sai ƴan kallo suka ƙaurace masa. A 1925 aka rufe gidan, kamfanin giya na Greene King da ya saye shi ya maida shi ma'ajiyar ganguna. Hausawa kan ce wani hani ga Allah baiwa ne. Takwarorinsa da yawa an rushe su, ko an sake musu fasali don su dace da zamani. Shi kuwa, da yake ganguna ba sa neman gyara, sai fasalinsa ya tsira.

Mutanen garin ne suka farfaɗo da shi. Sun kafa ƙungiya, suka tara kuɗi, aka sake buɗe shi a 1965. A 1975 ya koma ƙarƙashin National Trust, ƙungiyar da ke kula da kayan tarihi. Tsakanin 2005 da 2007 aka yi masa babban gyara, aka maida shi kusan yadda Wilkins ya bar shi. A yau shi kaɗai ya rage a Birtaniya cikin gidajen wasa na zamaninsa, kuma har yanzu ana wasa da kiɗa a cikinsa, domin waɗanda suka ceto shi sun fi son ya ci gaba da aiki a kan ya zama abin kallo kawai.